Turancin da Ke Cikin Kwalin Magani

A ce yaro mai nauyin kilo 12 ne, littafin da ake dubawa kuma ya ce: “30 mg/kg/day in three divided doses.” Babu kalma mai wuya ko ɗaya a wannan layi. Ɗan ƙaramar sakandare ma ya san “day”, ya san “three”, ya san “divided”. Amma ɗalibin da ya karanta a gurguje zai ninka 30 sau 12, ya sami 360, ya rubuta a ba yaro 360 sau uku a rana. Alhali 360 ɗin na yini guda ne kacokan, raba shi za a yi gida uku, yaro ya sha miligiram 120 kowane lokaci. Lissafin ɗalibin bai ɓaci ba. Turanci ne ya kayar da shi, yaro kuwa zai sha ninki uku na abin da ya kamata.

Da irin wannan misali nake tarar duk ɗalibin harhaɗa magunguna da ya zo mini da kukan Turanci, ko daga makarantar fasahar lafiya ta Kano yake, ko Maƙarfi, ko wata. Yawancinsu sun ɗauka ciwonsu shi ne rashin manyan kalmomi. Sai ka ga mutum ya sayi ƙamus yana haddace kalmomin da ko ɗan jarida ba ya amfani da su, don ya burge a aji. Wannan Turancin burga ba shi ne zai cece ka a tagar famasi ba. Manyan kalmomin aikinku, irin su “pharmacokinetics”, malami zai koyar da su, za a tambaye su a jarrabawa, kuma tsoronsu kaɗai zai sa ka riƙe su. Waɗanda ke yin ɓarna su ne ƙananan, waɗanda ido ke tsallakewa saboda yana ganin ya san su.

Ga “add 100 ml” da “make up to 100 ml”. Na farko yana nufin ka auno mil 100 ka zuba a kan abin da ke cikin mazubi. Na biyu yana nufin ka yi ta zubawa har jimillar abin da ke ciki ta kai mil 100. Wanda bai rarrabe su ba zai haɗa magani mai ƙarfin da ba shi aka nema ba. “Every other day” ba kullum ba ne: yau a sha, gobe a huta, jibi a sha. “Up to” rufi ne da ba a wucewa, “at least” kuwa ƙasa ce da ba a gazawa. Takardar farasitamol na manya tana ɗauke da su duka biyu, domin ba a wuce giram 4 cikin awa 24, kuma tsakanin sha da sha a bar aƙalla awa huɗu. Methotrexate da ake bai wa masu wani nau'in ciwon gaɓoɓi sau ɗaya ake shan sa a mako, kuma an sha rasa rayuka a ƙasashe daban-daban saboda an mai da “weekly” ya koma “daily”. Ko ranar lalacewar magani akwai tarko a cikinta. Idan kwali ya ce “EXP 06/2027”, maganin na nan da ƙarfinsa har ƙarshen watan Yuni. Idan kuwa “use before 06/2027” ya ce, to daga ƙarshen Mayu an gama da shi.

Akwai kuma matakan gargaɗi, waɗanda ɗalibai ke dunƙulewa su kira su duka “ba a so”. “Use with caution” na nufin ana iya bayarwa, amma ido na kai. “Not recommended” ya fi shi nauyi. “Contraindicated” kuwa ƙofa ce a rufe. Haka “may cause drowsiness” ba ya nufin dole mutum ya yi gyangyaɗi, yana nufin yana iya yi, kuma wannan ya isa ka gargaɗi direban tirela ko ɗan acaɓa. Kalmar “unless” ita kaɗai tana juya jimla gaba ɗaya, ta mai da hani ya zama izini a wani yanayi. Duk inda ka gan ta, tsaya ka sake karanta jimlar daga farko.

To, a ina za a koyi wannan Turanci? Littafinsa kyauta ne, kuma kullum ana share shi a zuba a kwandon shara. Ina nufin 'yar takardar nan mai ƙananan rubutu da ake naɗewa a cikin kwalin magani. Ban san wani littafin koyon Turanci da ya fi ta dacewa da ɗalibin wannan fanni ba, saboda dalili ɗaya: tsarinta kusan ba ya canzawa. Abin da maganin ke yi, waɗanda ba a bai wa, yadda ake sha, illolinsa, magungunan da ba sa jituwa da shi, yadda ake adana shi. Kalmomin da ka ci karo da su a takardar amoxicillin za ka sake haɗuwa da su a ta metformin da ta amlodipine, kuma maimaituwa ce ke dasa kalma a ƙwaƙwalwa, ba hadda ba.

Ka tara takardun magungunan da aka fi fitarwa a asibitin da kake aikin gwaji: farasitamol, amoxicillin, metronidazole, maganin zazzaɓin cizon sauro, maganin ƙarin jini na masu juna biyu, zinc da gishirin gudawa, na hawan jini, na ciwon sukari. Takarda ɗaya ta ishe ka mako guda. Ka fara da karanta ta da ƙarfi, kunnenka na jin bakinka, ko da abokan ɗaki za su yi dariya. Kalmar da ba ka sani ba ka ja mata layi, ka yi hasashen ma'anarta daga abin da ke kewaye da ita kafin ka buɗe ƙamus. Idan za ka rubuta ta a littafinka, kada ka rubuta ta ita kaɗai. Ka kwafe jimlar da ka same ta a ciki. “Discard” tsura ba ta zama a kai, amma “discard any unused solution after 24 hours” tana zama, tare da sanin cewa ruwan gishirin gudawa da aka haɗa ba ya wuce awa 24.

Sai babban aikin, wanda na fi so ka ba lokaci. Ka ɗauki sashen yadda ake shan magani ka mayar da shi Hausa, amma ba Hausar takarda ba. Hausar da za ka yi wa tsohuwar da ta zo daga ƙauye, jikanta na riƙe da hannunta. A ce maganin zazzaɓin cizon sauro ne, artemether-lumefantrine mai ƙwaya 24, na babba. Takardar za ta ce huɗu yanzu, huɗu bayan awa takwas, sannan huɗu sau biyu a rana har kwana biyu, tare da abinci mai maiƙo. Kai kuwa abin da za ka rubuta shi ne irin wannan:

“Inna, yanzu ƙarfe biyu ne. Ki sha huɗu yanzu, ki ɗora da madara ko abinci mai ɗan maiƙo. Ƙarfe goma na dare, bayan isha'i kafin ki kwanta, ki ƙara huɗu. Gobe huɗu da safe, huɗu da dare. Jibi ma haka. Ko kin ji garau kada ki rage ko ɗaya.”

Ka ajiye takardar Turancin. Washegari, ba tare da ka leƙa ta ba, ka ɗauki Hausarka ka mayar da ita Turanci, sannan ka kwatanta da ta asali. A nan za ka ga ramukanka da idonka. Za ka ga ka zubar da “again”, ka sa “in” inda ake sa “for”, ka rubuta “after two days” inda ake nufin “for two days”, waɗanda ba abu ɗaya ba ne. Ba ka buƙatar malami ya yi maka maki, takardar ce malamin. Kuma wannan kai-da-komo shi ne ainihin aikin da za ka yi tsawon rayuwarka: Turanci ya shigo ta hannun likita, Hausa ta fita ta taga. Duk abin da ka kasa faɗa wa Inna da Hausa, to ba ka fahimce shi da Turanci ba, ko da ka haddace shi baƙi da wasali.

Wata 'yar togaciya: ba kowace takarda ce ke da Turanci mai kyau ba. Wasu magungunan da ake shigowa da su takardunsu cike suke da kurakurai. Idan jimla ta ƙi ba ka ma'ana bayan ka yi iya ƙoƙarinka, kada ka ɗora wa kanka laifi, ka duba littattafan bayanin magunguna, EMDEX ko BNF, ka ga yadda suka faɗe ta.

A wajen juyawar nan za ka lura da wata al'ada ta harshenmu. Mu komai “sha” muke yi, ƙwaya da kafso da maganin ruwa. Shi ya sa ɗalibi ke rubuta “drink two tablets”, malami ya soke. Kuskuren rubutun ƙarami ne. Babban shi ne bakin da ya saba da “ki sha” ya faɗa wa mace haka alhali maganin matsi aka ba ta. Turanci ya rarraba ayyukan: “swallow”, “chew”, “dissolve”, “apply”, “insert”, “instil”, “inhale”. Hausa ma ta rarraba su, mu ne muka yi kasala: haɗiya, tauna, narkarwa, shafawa, matsawa, ɗigawa, shaƙa. Ka koyi kowace da abokiyarta.

Rubutun likita kuma ba duka ne Turanci ba, kuma sanin haka na rage fargaba. Su “bd” da “tds” da “qds” da “nocte” da “stat” da “prn” gutsattsarin Latin ne: sau biyu a rana, sau uku, sau huɗu, da dare, nan take, sai in buƙata ta taso. “5/7” kwana biyar ne, “2/52” mako biyu, “1/12” wata ɗaya. Ba su da yawa, shafi ɗaya ya ishe su, mako ɗaya ya isa a haddace. Amma kada su bi ka zuwa ambulan ɗin majiyyaci. Mutumin da ka rubuta wa “tds” ba ka faɗa masa komai ba. Idan maganin na bayan kowace awa takwas ne, ɗaura masa shi a jikin abin da ba ya mantawa: bayan asuba, bayan azahar, sannan kafin barci.

Sunayen magunguna su ne ke firgita sabon ɗalibi, ya ga kamar dubban kalmomi ne marasa kai da gindi. Suna da tsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ke kula da sunayen asali na magunguna tun 1953, kuma da gangan take sa wa 'yan gida ɗaya gaɓa iri ɗaya, kamar askar fuska da ake gane Bagobiri ko Babarbare tun daga nesa. Wanda ya ƙare da “olol”, irin atenolol da propranolol, gidan masu rage bugun zuciya ne. “Pril” da “sartan” da “dipine” gidaje uku ne na hawan jini: lisinopril, losartan, nifedipine. “Cillin” dangin penicillin ne, wanda ke nufin dole ka tambayi majiyyaci ko jikinsa ya taɓa ƙin irinsu. “Prazole” na gyambon ciki, “bendazole” na tsutsar ciki, “azepam” na kwantar da jijiya da sa barci. Wanda ya riƙe gaɓoɓi ashirin irin waɗannan ya rage wa kansa haddar sunaye ɗaruruwa. Sai dai akwai masu shigar burtu. Atorvastatin da simvastatin na rage kitsen jini ne, nystatin kuwa na fungas ne, ba ruwansa da su.

Kishiyar wannan ita ce sunayen da suka yi kama amma ba dangi ba. Chlorpropamide na ciwon sukari ne, chlorpromazine na taɓin hankali. Carbamazepine na farfaɗiya, carbimazole na ƙwayar maƙogwaro da ta yi aiki fiye da kima. Clotrimazole na fungas, co-trimoxazole kuwa shi ne Septrin da kowa ya sani. Kada ka ɗauka mu kaɗai abin ke ruɗawa. A Amurka sai da aka canza wa Losec suna ya koma Prilosec a 1990, saboda masu Turanci a matsayin harshen uwa suna rikita shi da Lasix. Maganin abin shi ne ka daina karanta suna da haruffa ukun farko. Ka rubuta irin waɗannan tagwaye gefe da gefe, ka manyanta haruffan da suka bambanta su, ka furta su gaɓa-gaɓa. Haka za ka yi wa “hyper” da “hypo”: ɗaya hawa, ɗaya sauka, kuma ga mai ciwon sukari tazarar da ke tsakaninsu ita ce tazarar da ke tsakanin a yi masa insulin da a ba shi sukari ya sha.

Idan kana bincike a waya, ka san cewa Turancinmu na aiki na Ingila ne, intanet kuwa ta fi cika da na Amurka. Za ka nemi paracetamol a ce maka acetaminophen, salbutamol ya zama albuterol, adrenaline ya zama epinephrine, glibenclamide ya zama glyburide. Magani ɗaya ne, suna biyu. Shafin magunguna na hukumar lafiyar Birtaniya, NHS, da sauƙaƙan Turanci aka rubuta shi don talakawa, kuma ya fi dacewa da kai.

Game da jarrabawa ba zan tsawaita ba. Ta makaranta da ta PCN, hukumar da ke yi wa masu wannan aiki rajista a Najeriya, duk da Turanci ake yin su, kuma ɗalibai da yawa ba jahiltar amsa ke kayar da su ba, amsa abin da ba a tambaya ba ne. “List” jerawa kawai ake so. “Describe” a bayyana. “Differentiate” a nuna bambanci, ba a ba da tarihin kowanne shi kaɗai ba. A tambayoyin zaɓi kuma, “except” da “not” sun fi kowace tambaya mai wuya cinye maki. Kafin ka ɗora biro, ka zagaye kalmar da ke ba da umarni. Ka nemi tsofaffin tambayoyi ka riƙa amsawa a rubuce da cikakkun jimloli gajeru. Handawut ɗin da aka haddace yana guduwa da zarar an juya tambaya.

Turancin yau da kullum ma yana da hanyarsa mai arha. Aminiya da Daily Trust gida ɗaya suka fito, sau da yawa labari ɗaya suke ɗauke da shi. Ka karanta na Hausa tukuna, sannan ka nemi na Turanci. Tunda ka riga ka san abin da ya faru, hankalinka zai koma kan yadda aka faɗe shi. Kuma don Allah, a zauren WhatsApp na aji ka rubuta kalma cikakkiya. Hannun da ya saba da gutsure kalmomi a waya shi ne zai rubuta katin kaya na sito da rahoton ƙarshen wata.

Saura baki, wanda shi ne inda kunya ta fi kama mu. Bahaushe ba ya rarrabe “p” da “f” a harshensa, “v” kuma takan koma “b”. An daɗe ana tsokanarmu da wannan, har wasu suka gwammace su yi shiru. Ni ban ga abin kunya a ciki ba, kowace ƙabila da inda harshenta ke tuntuɓe, kuma ba wanda ya ce sai ka yi magana kamar ɗan Landan. Abin da ake nema a gane ka. Idan kana son gyarawa, riƙe 'yar takarda a gaban leɓenka: “p” leɓɓa biyu ne ke haɗuwa su fashe, takardar ta motsa, “f” haƙoran sama ne a kan leɓen ƙasa, iska na fita a hankali. Ka gwada da “pill” da “fill” har su rabu. Ka tuna kuma “ph” na cikin “pharmacy” da “morphine” sautin “f” ne.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne lambobi. “Fifteen” da “fifty”, “thirteen” da “thirty”, a waya ko a cikin hayaniyar ɗakin haɗari kusan sauti ɗaya ne, kuma ba Bahaushe kaɗai ke kasa rarrabe su ba. Ka saba da bin lamba da rarrabewa: “fifteen, one-five”, “fifty, five-zero”. A rubuce kuma ka sa sifili kafin ɗigo, 0.5 ba .5 ba, kada kuma ka sa shi bayan ɗigo, domin 5.0 na iya komawa 50 idan biro bai fito da ɗigon ba. Miligiram ɗaya maikirogiram 1000 ne, don haka “mg” da “mcg” ba a rubuta su da gaggawa.

Don gwada duk wannan a aikace, ku haɗu ku uku, ba fiye ba, domin taro in ya yi yawa hira yake komawa. Ɗaya likita, ɗaya mai ba da magani, ɗaya majiyyaci. Likita ya rubuta takarda ya ɓoye kuskure a ciki da gangan: adadin da ya yi wa yaro yawa, ko maganin da ba a bai wa mai ciki. Mai ba da magani ya gano, ya kira likita da Turanci, sannan ya juyo ya yi wa majiyyaci bayani da Hausa. Majiyyaci kuma ya maimaita abin da ya ji. Sai ku yi musaya. Ku naɗi muryoyinku a waya ku saurara, ko da farko ba za ku so jin kanku ba.

Wannan wasa shiri ne na ranar da abin zai zama gaske. Za a miƙo maka takarda ka ga abin da bai kwanta maka ba, likitan kuma ƙila ba ya jin Hausa, ƙila ma ɗan bautar ƙasa ne da ya zo daga Kudu, ga layi ya yi tsawo. Ɗalibi ko sabon ma'aikaci da yawa a nan yake yin shiru ya ba da maganin, ba don bai ga matsalar ba, sai don ba shi da jimlar da zai buɗe baki da ita, yana tsoron ya yi kwaɓa a yi masa dariya. Matambayi ba ya ɓata, amma sai in yana da abin tambaya a bakinsa. Don haka ka tanadi jimlolinka tun yanzu, ka maimaita su har su riƙa fitowa ba tunani. Da farko ka kai wa famasis ɗin da ke sama da kai, in yana nan, domin a ƙarƙashinsa kake aiki: “Ranka ya daɗe, a duba mini wannan.” In kuwa kai ne za ka kira, uku sun isa: “Good afternoon, doctor, I am calling from the pharmacy about a prescription.” Sannan, “Please confirm the dose. The child weighs twelve kilograms, one-two.” Sannan, “Let me read it back to you.” Ka karanta masa abin da ya faɗa, sunan magani da adadi da sau nawa da kwana nawa, ka jira ya amsa. Daga nan ka rubuta gyaran a jikin takardar, da sunan wanda ka yi magana da shi, da kwanan wata da lokaci, ka sa hannu, sannan ka ɗauko maganin daga kanta.